Wi-Fi ya ɓace bayan ƙaura daga Windows zuwa Linux: tambayoyi da amsoshi

Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar yawancin tsofaffin laftof. Wannan ya sa masu irin waɗannan kwamfutoci ke komawa Linux Mint ko Ubuntu, nau'o'i biyu na Linux, kuma abin da ya fi tsayar da sabon shiga a ranar farko shi ne Wi-Fi. Umarnonin da ke ƙasa na Ubuntu 24.04 ne da Linux Mint 22. Ana rubuta su a taminal, wato tagar rubuta umarni, wadda ake buɗewa da Ctrl+Alt+T. Ka kula da manyan baƙaƙe da ƙanana, domin Linux tana bambanta su. Idan umarni ya fara da `sudo` za a nemi kalmar sirrinka, kuma ba za ka ga komai a allo ba yayin da kake rubuta ta. Haka abin yake, ka rubuta ka danna Enter.

Jiya Wi-Fi yana aiki a Windows, yau na saka Linux ko alamarsa babu. Katin ne ya lalace?

Da wuya. Katin da ya yi aiki jiya ba ya mutuwa don an sauya babbar manhaja. Kafin ya yi aiki sai abubuwa uku sun haɗu: direba, wato manhajar da ke sada Linux da katin, 'yar ƙaramar manhajar da ake loda wa katin kansa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, wadda za ka gani a allo da sunan firmware, mu kuma za mu riƙa kiranta manhajar ciki, sai kuma rediyon katin ya kasance a kunne. A Linux yawancin direbobi suna zuwa ne a cikin kanel, zuciyar tsarin, ba a sauke su ɗaya bayan ɗaya kamar a Windows. Idan kamfanin da ya ƙera cif ɗin, wato ƙwaƙwalwar katin, bai ba da direbansa a fili ba, ko cif ɗin ya fi kanel ɗinka sabunta, sai a wayi gari babu Wi-Fi.

Laftof ɗina HP ce. Wane direba zan saka?

Sunan laftof ba ya amsa wannan tambaya. HP biyu masu suna ɗaya, waɗanda aka sayo a shago ɗaya, ɗaya na iya zuwa da katin Intel ɗaya da na Realtek, ballantana ta hannu wadda wataƙila mai gyara ya taɓa sauya mata kati. Cif ɗin da ke kan katin shi ake nema. Rubuta:

`lspci -nnk | grep -iA3 net`

Za ka ga layi mai "Ethernet controller", wannan na kebul ne, ka ƙyale shi. Naka shi ne "Network controller". A ƙarshen layin akwai lambobi kashi biyu, misali 14e4:4365. Huɗun farko na kamfani ne: 8086 Intel, 14e4 Broadcom, 10ec Realtek, 168c Qualcomm Atheros, 14c3 MediaTek. Huɗun baya su ne cif ɗin kansa. Rubuta su a takarda.

Sai ka duba ƙasan layin. Idan akwai "Kernel driver in use" da suna a gabansa, kamar iwlwifi ko ath9k ko rtw_8821ce, direba ya kama katin, matsalar tana wani wuri: rediyo, manhajar ciki, ko rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi. Idan babu wannan layin, direba ne babu. Idan kuma "Network controller" bai fito ba sam, gwada `lsusb`, domin wasu katunan ta hanyar USB aka haɗa su a ciki. Duka biyun suka ƙi nuna shi, to an kashe katin a BIOS, wato saitin kwamfutar da ake shiga kafin babbar manhaja ta tashi, ko ya saki daga mazauninsa.

Muna nanata wannan mataki ne saboda yawancin kwamfutocin da suka rikice ba daga nan suka fara ba. Mutum ya ga bidiyo, ya kwafi umarni goma na wani cif dabam, ɗaya daga ciki ya toshe direban da ya dace da nasa. Daidai yake da shan maganin da likita ya rubuta wa wani.

Babu intanet a kwamfutar, to ta ina zan sauke direban?

Ta wayarka. Haɗa wayar Android da kwamfutar da kebul, kunna data, ka shiga saitin waya wajen hotsifot, ka kunna "USB tethering". Cikin 'yan daƙiƙu Linux za ta ɗauke ta a matsayin haɗin kebul, ba tare da an saka komai ba. Idan maɓallin ya dushe ya ƙi dannuwa, kebul ɗin ne: igiyoyin caji masu araha da yawa wayoyin wuta kawai ke cikinsu, babu na data. Sauya wata. A iPhone kuwa sai ka kunna "Personal Hotspot", ka haɗa kebul, ka danna "Trust" idan wayar ta tambaya.

Idan kana da rauta da kebul ɗin netwok, wannan ya fi. Da zarar intanet ya samu, fara da `sudo apt update` sannan `sudo apt upgrade`, ka sake kunna kwamfutar. Wani lokaci wannan kaɗai ya isa. Amma ka tanadi data, domin sabuntawar farko tana iya kai gigabait ɗaya ko fiye, kuma kunshin `linux-firmware` shi kaɗai ɗaruruwan megabait ne.

Masu Linux Mint suna da wata hanya: a mayar da filashin da aka girka tsarin da shi, a buɗe "Driver Manager". Zai iya ɗauko direban Broadcom daga cikin filashin ko babu intanet. Saboda haka kada ka yi gaggawar goge shi.

Direba yana nan, amma kwamfutar ta maƙale a yanayin jirgin sama.

Rubuta `rfkill list`. Kowace na'ura tana da layi biyu. Idan "Soft blocked" ya ce yes, manhaja ce ta kashe rediyon, kuma `sudo rfkill unblock all` tare da `nmcli radio wifi on` za su dawo da shi. Idan "Hard blocked" ne ya ce yes, yawanci babu umarnin da zai buɗe shi, sai maɓalli ko BIOS.

A HP da yawa maɓallin yana kan F12, da 'yar fitila: ruwan lemo a kashe, fari a kunne. Gwada shi kaɗai, sannan tare da Fn. Tsofaffin Dell Latitude da ThinkPad irin su T420 suna da ɗan makunni a gefe wanda jaka ke iya turewa ba ka sani ba. Idan babu makunni, shiga BIOS ka nemi wurin da aka rubuta Wireless ko WLAN. Ana shiga da F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ana dannawa tun kwamfutar na tashi.

Ya ƙi har yanzu? Kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare caja, cire batir idan mai cirewa ne, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30. Wannan yana zubar da ragowar wutar da ke riƙe katin a halin da Windows ta bar shi. Akwai kuma yanayin da `rfkill` ke nuna na'ura biyu na Wi-Fi, ɗaya phy0, ɗaya mai suna kamar ideapad_wlan ko acer-wireless, kuma ta biyun ce kaɗai a toshe. Nan direban maɓallan laftof ne ke ba da labarin da ba daidai ba. Gwada `sudo modprobe -r ideapad_laptop` ko `sudo modprobe -r acer_wmi`, gwargwadon sunan da ka gani.

Lambata ta fara da 14e4. Me zan yi?

Broadcom ke nan, kuma shi ne ya fi wahalar da masu tsofaffin HP, Dell, Lenovo da MacBook. Direbobi uku ne, kuma ba sa zama tare.

Cif masu lamba 4365, 4359, 43b1 da 43a0, wato BCM43142, BCM43228, BCM4352 da BCM4360 na MacBook Air, suna buƙatar direban kamfanin mai suna wl. Hanya mafi sauƙi ita ce "Driver Manager" a Mint ko "Additional Drivers" a Ubuntu. A taminal kuwa `sudo apt install broadcom-sta-dkms`. A Ubuntu 22.04 da Mint 21 sunan kunshin `bcmwl-kernel-source`.

Tsofaffi masu lamba 4311 da 4315 sun fi lafiya da b43, wanda yake cikin kanel amma ba shi da manhajar ciki: `sudo apt install firmware-b43-installer`. Wannan kunshin yana sauke fayilolin ne a lokacin girkawa, don haka dole wayarka ta kasance a haɗe. Mai lamba 4727, BCM4313, yawanci yana tashi da kansa da direban brcmsmac.

Inda ake yin kuskure shi ne nan: da zarar ka saka wl, yana ajiye fayil da ke hana b43 da brcmsmac tashi. Idan cif ɗinka na b43 ne kuma ka riga ka saka wl, ko ka saka manhajar ciki babu abin da zai faru sai ka cire shi da `sudo apt purge broadcom-sta-dkms bcmwl-kernel-source`, ka sake kunnawa.

Na saka direban, an ce ya shiga, na sake kunnawa, shiru.

Rubuta `sudo modprobe wl`. Idan amsar ta ƙunshi "Key was rejected by service", Secure Boot ne. Wannan tsaro ne na BIOS da ke hana kanel loda direban da ba shi da sa hannun da aka amince da shi, kuma direban da aka harhaɗa a kan kwamfutarka ba shi da wannan amincewa sai ka ba shi. `mokutil --sb-state` zai gaya maka ko a kunne yake.

A lokacin girkawa an nemi ka zaɓi kalmar sirri, kuma da ka sake kunnawa wani shuɗin allo ya fito na ɗan lokaci. Mutane da yawa suna tsorata su bar shi ya wuce, alhali nan ne wurin aikin. Don dawo da shi:

`sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der`

Zaɓi kalmar sirri mai harufa takwas zuwa sama. Lambobi zalla sun fi, domin a shuɗin allon kibod ɗin tsarin Amurka yake bi. Sake kunnawa, danna kowane maɓalli da zarar allon ya fito, zaɓi "Enroll MOK", sai "Continue", sai "Yes", rubuta kalmar, sai "Reboot". Sau ɗaya ake yi.

Kana iya kashe Secure Boot a BIOS, kuma zai yi aiki. Amma idan har yanzu akwai Windows a kwamfutar mai BitLocker, wato tsarin kulle bayanan faifai, a kunne, za ta iya neman mabuɗin ceto mai lambobi 48 kafin ta buɗe. Nemo shi a asusunka na Microsoft tukuna. Mu mun fi son hanyar shuɗin allo, domin tana barin tsaron yadda yake.

Katina Intel ne, an ce ba ya ba da matsala, amma wani lokaci yana nan wani lokaci babu.

Idan kana da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ka fara zargin Fast Startup. Idan ka kashe Windows 10 ko 11, ba ta mutuwa duka, tana yin rabin barci ne don ta tashi da sauri, kuma tana iya barin katin a halin da Linux ba za ta iya farkar da shi ba. Shiga Windows, buɗe "Command Prompt" a matsayin mai gudanarwa, rubuta `powercfg /h off`, ka kashe kwamfutar sosai sannan ka shiga Linux.

Idan babu Windows, duba `sudo dmesg | grep -i iwlwifi`. Layin da ke cewa an kasa loda fayil mai ƙarewa da .ucode, kuma babu wani layi bayansa mai "loaded firmware version", yana nufin manhajar ciki ce babu: `sudo apt install --reinstall linux-firmware`. Idan "loaded" ya biyo baya, kada ka damu da layukan gazawar, direban yana gwada sigogi ne daga sabuwa zuwa tsohuwa.

Sai na zauna dab da rauta sannan nake samun sigina, ko kuma yana ta yankewa.

Idan lambarka 10ec:b723 ce, wato RTL8723BE, wannan sanannen ciwo ne a HP masu araha. Katin yana da mazaunin eriya biyu, amma wayar eriya ɗaya aka haɗa masa, shi kuma direban yana sauraro ta mazaunin da babu komai. Gyaran layi ɗaya ne:

`echo "options rtl8723be ant_sel=2" | sudo tee /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf`

Sake kunnawa, ka duba ginshiƙin SIGNAL a `nmcli device wifi list`. Idan bai ƙaru ba, maimaita umarnin da 1 a madadin 2.

Yankewa kuwa, musamman idan an zare caja, yawanci tattalin batir ne ke jawo ta. Buɗe fayil ɗin:

`sudo nano /etc/NetworkManager/conf.d/default-wifi-powersave-on.conf`

Mayar da `wifi.powersave = 3` ya koma 2, ajiye da Ctrl+O da Enter, fita da Ctrl+X, sannan `sudo systemctl restart NetworkManager`. Batir zai ɗan ƙara saurin ƙarewa, gaskiya ne, amma ba sosai ba. Masu RTL8821CE da RTL8822CE, waɗanda direbansu rtw88 ne, idan wannan bai isa ba su ƙirƙiri `/etc/modprobe.d/rtw88.conf` mai layi biyu: `options rtw88_pci disable_aspm=1` da `options rtw88_core disable_lps_deep=1`. Bayan haka a kashe kwamfutar gaba ɗaya a kunna, ba ristat kawai ba.

Idan an taɓa sauya wa laftof ɗin allo, a duba wayoyin eriya. Ta cikin marfin allo suke bi, kuma sukan tsinke a wajen hinji ko mai gyara ya manta bai mayar da su ba.

Laftof ɗin sabuwa ce fil, amma babu direba.

Duba sigar kanel da `uname -r`. Kowane cif yana da sigar da aka fara tallafa masa: Intel AX200 daga 5.1, AX210 daga 5.10, MediaTek MT7921 daga 5.12, Realtek RTL8852BE daga 6.2. Ubuntu 24.04 da Mint 22 sun fito da 6.8 a 2024, don haka duk waɗannan suna ciki. Wanda ya girka Mint 21 mai kanel 5.15 a kan laftof mai RTL8852BE ba zai ga Wi-Fi ba. Sabuwar kwamfuta sabon tsari take so. A Ubuntu ana samun kanel mafi sabunta da `sudo apt install linux-generic-hwe-24.04`, a Mint kuma ta cikin "Update Manager".

MediaTek MT7902, mai lamba 14c3:7902, wanda ke cikin wasu Asus da Acer, ya yi shekaru ba shi da direba a kanel, kuma babu shi a 6.8. Idan shi ne naka kuma sabon kanel bai kama shi ba, kada ka ɓata dare, nemi adaftan USB ko ka sauya katin.

Ina da direban Windows a filashi. Ba zai yi ba?

Ba zai yi ba. Akwai wata tsohuwar dabara mai suna ndiswrapper, amma direbobin zamanin Windows XP take ɗauka. Duk jagorar da ta ambace ta ta tsufa.

Ina ganin Wi-Fi na maƙwabta, nawa ne kaɗai ba ya fitowa.

To katinka lafiya lau. Dalili na farko shi ne zango: katuna irin su RTL8723BE da Atheros AR9285 zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji, alhali wayarka ko rautarka tana watsawa a 5 GHz. Shiga saitin hotsifot ɗin wayar ka mayar da shi 2.4 GHz. A iPhone sunan wannan zaɓi "Maximize Compatibility".

Na biyu shi ne tasha. A Amurka tashoshi 1 zuwa 11 ake amfani da su a 2.4 GHz, kuma katin da aka saita don can yana iya ƙin ganin rautar da ta zaɓi 12 ko 13. Shiga shafin rautar ta wayarka, adireshin yana rubuce a jikinta ko ƙarƙashin batir ɗin MiFi, sau da yawa 192.168.8.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka tsayar da tashar a 1, 6 ko 11. Ana iya gaya wa Linux ƙasar da kake da `sudo iw reg set NG` a Najeriya, NE a Nijar, GH a Ghana, sai dai saitin yana gogewa idan an sake kunnawa, kuma sababbin katunan Intel ba sa bin sa. Gyara a rauta ya fi ɗorewa.

Yana ta neman kalmar sirri, alhali daidai na rubuta.

Danna alamar ido ka ga abin da ake rubutawa. Idan a lokacin girkawa ka zaɓi kibod na Ingila alhali naka na Amurka ne, ko akasin haka, @ da " suna musanya wuri, # ma tana ƙaura. Idan ba ka tuna kalmar ba kuma Windows tana nan, `netsh wlan show profile name="sunan netwok" key=clear` zai nuna ta a layin "Key Content".

Idan kalmar daidai ce, duba nau'in tsaron. Direban wl na Broadcom ba ya iya WPA3, sabon nau'in tsaron Wi-Fi, wasu tsofaffin katunan ma haka, kuma maimakon a gaya maka dalili sai a yi ta maimaita tambayar. Mayar da rauta ko hotsifot zuwa WPA2. Sannan goge tsohon haɗin da `nmcli connection delete "sunan netwok"`, ka haɗa sabo da `nmcli --ask device wifi connect "sunan netwok"`. Amfanin yin sa a taminal shi ne za ka ga saƙon kuskuren.

Ya ce ya haɗu, amma shafi ba ya buɗewa.

Gwaji biyu za su raba gardama: `ping -c 4 8.8.8.8` da `ping -c 4 ubuntu.com`. Idan duka suka faɗi, duba wayarka a kan wannan Wi-Fi ɗin, wataƙila data ce ta ƙare ko sabis ya ɗauke. A otal ko makaranta kuma akwai shafin shiga da bai fito ba, buɗe neverssl.com zai jawo shi. Idan na farko ya amsa na biyu ya ƙi, matsalar mai fassara sunayen shafuka ce, DNS:

`nmcli connection modify "sunan netwok" ipv4.dns "1.1.1.1 8.8.8.8" ipv4.ignore-auto-dns yes`

sannan `nmcli connection up "sunan netwok"`.

Idan duka suka amsa amma burauza tana gargaɗin tsaro a kowane shafi, dubi kwanan wata. Tsohuwar laftof da ƙaramin batir ɗinta na agogo ya mutu, galibi CR2032, tana komawa shekarun baya duk lokacin da babban batir ya ƙare, sai takardun shaidar shafuka su zama kamar ba su fara aiki ba. `sudo timedatectl set-ntp true` zai daidaita agogon, amma sai an sauya batir ɗin matsalar za ta daina dawowa.

Yana aiki lafiya, na yi sabuntawa, ya ɓace.

Wannan yana samun masu direban da ba na cikin kanel ba, kamar wl ko wanda aka ɗauko daga GitHub. Duk sabon kanel sai an sake harhaɗa masa direban. Wani tsari mai suna DKMS ke yin wannan da kansa, amma yakan gaza. Da farko koma tsohon kanel: yayin tashi danna Esc, ko riƙe Shift a tsofaffin kwamfutoci, zaɓi "Advanced options", ka ɗauki sigar da ke ƙasa da ta sama. Wi-Fi zai dawo. Sai ka duba `dkms status` ka ga ko direban yana da "installed" a gaban sabon kanel. Idan babu, shiga sabon kanel ɗin da wayarka a haɗe, ka rubuta `sudo apt install linux-headers-$(uname -r)` sannan `sudo dkms autoinstall`. Idan harhaɗawar ta faɗi, direban bai riski sabon kanel ba tukuna. Zauna a tsohon har gyara ya fito, kuma kada ka goge shi.

Wanda ya girka direba da `make install` ba tare da DKMS ba, shi duk sabuntawar kanel sai ya maimaita aikin da hannu.

Idan na rufe marfi na buɗe, sai Wi-Fi ya tafi.

`sudo systemctl restart NetworkManager` yakan isa. Idan bai isa ba, cire direban ka mayar da shi, misali `sudo modprobe -r rtl8723be` sannan `sudo modprobe rtl8723be`. Sabunta BIOS daga shafin kamfanin laftof ɗin yakan kawar da wannan gaba ɗaya, amma kada a fara sai batir ya cika kuma caja na haɗe.

Wane adaftan USB zan saya?

Nan ma cif ake saya, ba sunan da ke kan kwali ba. TP-Link TL-WN722N misali ne mai kyau: siga ta 1 tana da Atheros AR9271 wanda ke aiki nan take, siga ta 2 da ta 3 kuwa Realtek RTL8188EUS ne, da suna ɗaya da kamanni ɗaya. Ƙananan adaftoci masu araha masu MT7601U ko RT5370, lambobinsu 148f:7601 da 148f:5370, direbansu ya daɗe a kanel. Zangon 2.4 GHz kaɗai suke ji kuma ba su da gudu sosai, amma sun isa karatu da aikin ofis. Mai son 5 GHz ya nemi MT7612U ko MT7921AU.

Abin da ya fi shi ne ka je shagon da laftof ɗinka, ka soka adaftan a gaban mai kaya, ka ga jerin netwok kafin ka biya. Idan `lsusb` ya nuna 0bda:1a2b, adaftan ya shigo ne a matsayin faifan direban Windows. Kunshin `usb-modeswitch` ke juya shi ya koma Wi-Fi, wani lokaci ma danna "Eject" a kan faifan ya wadatar.

Sauya katin ciki fa?

Ga mai Broadcom, wannan ne gyaran da matsalar ba ta dawowa bayansa. A laftof da yawa noti ɗaya ne da wayoyin eriya biyu. Mazauni iri biyu ne: mini PCIe a tsofaffi, wanda Intel 7260 ke shiga, da M.2 a na baya-bayan nan, wanda Intel 8265, AX200 ko AX210 ke shiga. Kan wayar eriyar M.2 ya fi ƙanƙanta, ba sa musanya. Ka guji AX201 da 9560 sai idan irinsu ka cire, domin rabin aikinsu yana cikin cif ɗin Intel na kwamfutar, ba a kowace kwamfuta suke tashi ba.

Tsofaffin ThinkPad da wasu tsofaffin HP suna da jerin katunan da BIOS ta yarda da su. Ka saka wani, ThinkPad ta tsaya da kuskure mai lamba 1802, HP da 104. Ga irin waɗannan a nemi katin Intel da aka ciro daga laftof iri ɗaya. Cire batir kafin ka taɓa komai, kuma ka danna kan eriyar a miƙe da farce, domin mazauninsa yana ɓallewa daga katin idan aka karkata.

Yaya zan hana Linux cinye mini data a hotsifot?

`nmcli connection modify "sunan netwok" connection.metered yes` yana sanar da tsarin cewa datar a ƙirge take, sai sabuntawar atomatik ta dakata. A Ubuntu ƙara `sudo snap set system refresh.metered=hold`. Mint ba ta zuwa da snap, wato wata hanyar girka manhajoji, don haka ba ta buƙatar wannan. Ka dai riƙa yin sabuntawar da hannu idan ka samu data mai yawa, kada gyaran tsaro ya wuce ka.

Ban ƙaura ba tukuna. Me zan yi kafin in goge Windows?

Tayar da kwamfutar daga filashin Linux ba tare da girkawa ba, ka haɗa Wi-Fi, ka buɗe shafi, ka yi minti goma kana amfani da shi. Idan ya yi a nan, yawanci zai yi bayan girkawa. Idan bai yi ba, gudanar da `lspci` ɗin nan tun kana da Windows da za ka yi bincike da ita. Kashe Fast Startup, rubuta kalmomin sirrin Wi-Fi ɗinka, tanadi kebul mai ɗaukar data, kuma a lokacin girka Ubuntu ka yi alama a akwatin da ke maganar manhajojin wasu kamfanoni na hoto da Wi-Fi.

Na gwada duka bai yi ba. Me zan tura wa wanda zai taimaka mini?

Sakamakon umarni shida: `lspci -nnk | grep -iA3 net`, `lsusb`, `rfkill list`, `uname -r`, `mokutil --sb-state`, da `sudo dmesg | grep -iE "firmware|wlan|wifi"`. Kwafe su a rubuce da Ctrl+Shift+C, ko ka ɗauki hoto mai kyau wanda lambobin ke karantuwa. Faɗi sunan tsarin da sigarsa, ko akwai Windows a gefe, da duk umarnin da ka riga ka gwada, har waɗanda ba ka san aikinsu ba. `history` zai jero maka su, `ls /etc/modprobe.d` kuma zai nuna fayilolin da suka bari a baya.